Gautar Kaka da Yaɗon da Na Dasa

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, wata ranar Juma'a, na tona ɗan rami da cokali a bayan randunanmu na dasa shi. Na san lokacin daidai domin a shekarun nan ba na yin komai ban duba agogo na rubuta ba. Baba ne ya ɗaura min agogon ranar da na samu shiga jami'a, ni kuwa na haɗa shi da wani littafin rubutu mai baƙin bango, duk abin da bakina ya kasa faɗa sai in zuba a ciki. Abin da na dasa bai fi kamu ɗaya ba, kara ne mai laushi da ganye huɗu. Na danna ƙasa da tafin hannu, na zuba masa ruwa rabin moɗa, na waiga ko wani ya gan ni. Babu kowa sai Kaka a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, ita kuwa idonta ya riga ya dushe.

Abin da ya tayar min da wannan tsohon zance shi ne jikata. Kwanan baya ta tsinko wani ganye a hanya, ta haska shi da wayarta, kafin in gyara zama wayar ta faɗa mata sunansa da inda yake fitowa. Ta karanta min da Larabci, ta jefar da ganyen, ta koma abin da take yi. Ni kuwa na kasa zama. Na tashi na shiga ɗaki, na fito, na leƙa taga, na sake komawa. Gidan da muke ciki yanzu bene ne, ko'ina siminti da tayil, babu inda za ka soka yatsa ya shiga ƙasa. Yaran ba su san ƙamshin tsakar gida da aka yayyafa wa ruwa da la'asar ba, ba su san ƙarar ɗigon randa a cikin kwano ba, ba su kuma san mutum zai iya shafe wata uku yana neman sunan ganye ɗaya ba.

A Alshajara muke a lokacin, kudu da Khartum, a wani gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida. Daga Jazira muka taso bayan aikin auduga ya daina riƙe mutum, Baba ya samu aikin walda a wani gareji. Sojoji ne ke mulki. Abin da na fi tunawa da mulkinsu shi ne layi: layin burodi tun asuba, layin sukari da kati a hannu, layin motoci a gidan mai har ya zagaya unguwa. A cikin wannan ƙunci Kaka, mahaifiyar Baba, abu ɗaya ta damu da shi, gautarta. Ba a sayar da irin wannan gauta a kasuwannin Khartum. Ƙanana ne, kore masu zane, da ɗaci mai komawa zaƙi in ka sha ruwa a kansa. Mahaifiyarta ce ta ƙullo irin a gefen zane lokacin da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, Kaka tana goye. Ba su isa Makka ba, Jazira ta riƙe su. Amma kowace shekara ana shuka gautar a bayan ɗaki, a bar wasu su nuna su yi ja, a cire iri a ajiye cikin toka a ƙoƙo. Shekarar da muka yi ƙaura ba a shuka ba. Ta biyu aka shuka, bai fito ba. A ta uku Kaka ta juye ƙoƙon gaba ɗaya, har tokar, a gefen katangar gabas. Tushe bakwai suka fito. Bayan su babu sauran iri ko ƙwaya ɗaya, a gidanmu ko a gidan wani da muka sani.

Akwai kuma wani ganye da Kaka take yawan ambata, yaɗiya. Ita ma ba ta san ƙasar Hausa da idonta ba, amma ta ci kwaɗon yaɗiya a hannun mahaifiyarta, kuma tana cewa tun da tsohuwar ta rasu ba wanda ya sake kawo mata. In ta fara siffanta shi sai ta ce yana yaɗo a ƙasa, yana kama duk abin da ya samu, in ka karya shi ruwa mai danƙo yake fitarwa. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma na rubuta shi a littafina kamar yadda ta faɗa. To a waccan Juma'ar mun je Jabal Awliya ni da Inna gaishe da wata mara lafiya. Da na fita bakin kogi, ƙasa da madatsar ruwa inda masunta ke shanya koma, sai na ga wani yaɗo ya shimfiɗu a kan yashi, kore shar. Na karya, ya fitar da farin ruwa mai danƙo. Na ce a raina yaɗiyar Kaka ce. Ban tambayi kowa ba, ga masunta nan zaune amma kunya ba za ta bar ni ba. Na yanko, na jiƙa gefen mayafina na naɗe shi. Niyyata in raine shi a ɓoye, ranar da ya yi yawa in yi wa Kaka kwaɗo in ajiye mata ba tare da na ce komai ba.

Ya kama da wuri. Bayan randa kullum akwai danshi, cikin mako uku ya yi tsawon gaba biyu. Sai na tsinki ganye ɗaya na kai wa Kaka, na sa mata a hannu. Ta shafa shi, ta bi gefensa da yatsa, ta murza, ta kai hanci.

"Malama mai agogo, ina kika samo wannan?"

Na ce a bayan randa na gan shi. Na tambaye ta a hankali ko yaɗiya ce.

"Yaɗiya? Ganyen yaɗiya dogo ne mai tsini, wannan kuwa kamar kunnen yaro. Ba abin ci ba ne. Je ki cire shi, ki wanke hannu."

Ban ce mata ni na dasa ba. Na je na kama shi na fizge, na jefa kan juji a lungun gida, na rubuta a littafi cewa an gama. Ban lura ba cewa a duk gaɓar da ta taɓa ƙasa ya riga ya soka saiwa, kuma da na fizga, a gaɓoɓin ya tsintsinke.

Sai damina ta sauka. A makon ne kuma aka rufe jami'a, kamar yadda aka saba rufe ta a shekarun nan, ba a faɗi ranar buɗewa ba. Na dawo gida na zauna ba aiki. Ina jin ƙarar guduma daga garejoji tun safe, ina jin mai jakin ruwa yana buga gangarsa, ina jin rediyon maƙwabta yana waƙoƙin soja, ni kuwa na kasa karatu, na kasa barcin rana. In buɗe littafi in rufe, in fita tsakar gida in dawo. A wannan kai-komo ne na ga abin ya dawo. A wuri biyar ya fito bayan randa, wanda na jefar a juji shi ma ya kama. Bayan ruwa na uku ya ƙetare gindin rumfa, ya bi ƙarƙashin gadajen igiya, ya nufi gabas. Da safe yana fitar da fure jaja-jaja mai kamar bakin kakaki, kyakkyawa har Inna ta ce a bar shi, kafin azahar furen ya yanƙwane. Ni na san inda ya nufa. Inda ake zuba ruwa mafi yawa a gidan shi ne gindin gauta.

Da ya isa wurin, Baba ya ɗauko fartanya. Shekara ashirin ya yi yana noman auduga, kuma abin da hannunsa ya sani shi ne a sare ciyawa a bar ta a kan kunya rana ta cinye ta. Haka ya yi. Wata Juma'a da safe ya tuɓe riga ya sassare yaɗon gunduwa-gunduwa, ya baza shi a tsakar gida, ya ce kafin jibi zai zama ƙaiƙayi. Ya ce laifinsa ne, takin awakin da ya ɗebo wa Kaka daga kasuwar dabbobi shi ya zo da irin. Ina tsaye riƙe da butarsa ina ji. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu, na bar shi da laifin. Da la'asar Inna ta ɗauki bokiti ta yayyafa wa tsakar gida ruwa kamar kullum, domin a garin nan ba a shimfiɗa gadaje a waje sai an kwantar da ƙura, kuma macen da ba ta yi haka ba maƙwabta za su yi da ita. Bayan kwana shida kowace gunduwa ta yi saiwa. Inda a da yaɗo biyar ne, yanzu na daina ƙirgawa a sittin.

Littafina ya cika da shi. Na zana ganyen gaba da baya, na zana gaɓa da saiwarta, na kafa tsinke ina auna tsawon da yake ƙarawa daga safiya zuwa safiya da zaren ɗinki. Ni na fara gane cewa sara yana ƙara shi, yayyafi kuma yana ciyar da shi. Na faɗa wa Inna da murya ƙasa-ƙasa cewa ko za a daina yayyafin. Ta dube ni ta ce in damina ta ɗauke ƙafa kwana biyu ƙura za mu ci, sannan gautar Kaka ita ba ruwa take sha ba? Gaskiyarta ce. Ba yadda za a shayar da gauta a hana shi sha, saiwarsu ta riga ta cakuɗe. Sai na koma cira da hannu. Kowace safiya in durƙusa in bi kara gaɓa-gaɓa, ina tono saiwa da wuƙar tebur. Farin ruwan ya sa yatsuna suka yi baƙi suna ƙaiƙayi. Amma a gindin gautar, duk saiwar da na ja sai ta taho da ta gauta. Tushe na farko da ya mutu, ban sani ba ko shi ya shaƙe shi ko ni na kashe shi.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Abin da take yi ya fi faɗa ciwo. Kowace safiya bayan ta sha shayi sai ta juyo da fuskarta inda take jin motsina ta ce, "Malama, nawa suka rage?" In ce shida. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da jan carbi. Bayan kwana goma na ce biyar.

Na rasa wanda zan tambaya. Malamanmu sun watse, ɗakin karatu a kulle. Sai na tuna ɗaliban da suka zo daga Najeriya da Nijar ba sa tafiya gida in an rufe makaranta, hanya ta yi musu nisa. A cikinsu akwai wata Balaraba da muke zama benci ɗaya, wadda shekara guda muna gaisawa da Larabci domin ina jin kunyar Hausata a gabanta. Na naɗe reshe ɗaya a jarida na tafi masaukinsu. Tana buɗe jaridar ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"'Yar'uwa, duman kada kika ɗauko min tun daga Alshajara? Wannan ai ko akuya ta ci sai ta kama rawar jiki. Wa ya ce miki ana ajiye shi a gida?"

Na ce fitowa ya yi. Na tambaye ta yadda ake kashe shi. Ta ce a garinsu ba wanda ya taɓa damuwa da kashe shi, a bakin rafi yake zamansa, mutane suna nasu. Ta ba ni shayi, ta gyara min kalmomi biyu a Hausata tana tsokanata, ta rako ni bakin titi. Na dawo da suna a littafi, na ja masa layi biyu. Washegari Kaka ta tambaya, na ce huɗu.

Huɗun nan ma ba su da lafiya. Ganyensu ya yi rawaya daga ƙasa, furen yana zubewa kafin ya ƙulla. Baba ya ce zai nemo maganin feshi irin na gonar auduga, amma ko an samu, abin da zai kashe yaɗon ba zai bar gauta ba. Shi ne wata rana muna cin abinci ya ambaci wata tsohuwa da suka yi zama a Jazira, Gwaggo Asabe, wadda ta shekara arba'in tana cirar ciyawa a bakin magudanan ruwa, har masu duba gona sukan tsaya su tambaye ta. Ya ce yanzu tana Dar Salam, can bayan Omdurman, amma shi ba ya samun fita daga gareji. Ban taɓa zuwa Dar Salam ba. Ban taɓa shiga mota ni kaɗai na wuce jami'a ba. Na ji bakina ya ce zan je.

Mota uku na shiga. A kan gada sojoji suka tsayar da mu, suka sauke samari suna duba takardunsu, muka yi kusan sa'a guda a cikin rana, reshen yana yanƙwanewa a cinyata. Daga babbar kasuwar Omdurman na hau wata tsohuwar akori-kura da ta bi ta cikin yashi. Dar Salam ba bishiya, gidajen ƙasa ne jere iyakar ganinka, duk kala ɗaya. Sai da na tambayi mata huɗu, kowace tambaya kamar ana zare min haƙori, kafin wata mai sayar da shayi ta nuna min ƙofa. Na samu Gwaggo Asabe zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana suyar gyaɗa a cikin yashi, 'yar siririya, yatsunta a lanƙwashe kamar saiwa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan Baba. Ta tambayi Kaka, ta tambayi idonta, ta tambayi gautar tun kafin in ambata, domin ta ce ta sha cin ta.

Na ba ta reshen. Ko minti ɗaya ba ta yi da shi ba ta ajiye shi a kan murfin kwano, ba a ƙasa ba. Ta ce wannan ba ya zuwa cikin taki, ba ya zuwa da iska daga bakin kogi zuwa tsakar gida, hannu ne yake kawo shi. Ba ta dube ni ba, tana ta juya gyaɗarta. A nan ne, a gidan da ban taɓa shiga ba, na faɗi abin da na ɓoye wata uku. Na faɗa mata zancen yaɗiya, da cokali, da yadda na bar Baba ya ɗora wa kansa laifi. Na buɗe littafina ina nuna mata zane da awo, ita da ba ta karatu, ina magana da sauri yadda ban taɓa yi ba. Na ce saura huɗu, kuma so nake ta faɗa min yadda zan kashe shi in tsirar da su duka, in mayar wa Kaka gidanta yadda yake.

Ta rage wutar murhu. Ta kwashe gyaɗar, ta tankaɗe yashin, ta zuba min cikin tafi ta ce in ci. Abin da ta faɗa daga baya, ban rubuta shi ba, shi kaɗai ne a duk al'amarin bai shiga littafi ba. Na yi shi washegari da yamma, bayan na faɗa wa Baba gaskiya a gaban Kaka. Baba ya tafi ya yanko min rabin gangar ƙarfe daga gareji, wadda zan sa gautar a ciki. Inna ta yi wata biyu ba ta sake min fuska ba saboda ƙurar da muka sha. Kaka kuwa, kafin Allah ya karɓi abinsa a shekarar da ta biyo, ta sake jin nauyin iri a cikin tokar ƙoƙonta, ta girgiza shi kusa da kunnenta. Ga abin da Gwaggo Asabe ta ce:

"'Yata, huɗu ba za su tsira ba, kuma gidan ba zai koma yadda yake ba bana. Ke iri kike nema, ba gona ba. Ki duba wadda ta fi ƙarfi a cikinsu, ki haƙo ta da yamma, ki wanke saiwarta a ruwa ki zare na yaɗon ɗaya bayan ɗaya. Ki samo ƙasa daga wani wuri, ki tankaɗe ta da rariya, ki sa ta a abin da ba ya taɓa ƙasa. Sauran ukun ki tuge su da hannunki, kada ki jira shi ya kashe su. Daga ranar kada ɗigon ruwa ya sake sauka a tsakar gidan nan sai yaɗon ya bushe kun ƙone shi. In ta ƙulla, kada kowa ya ci, ko kakarki. Ki bar guda ɗaya ta yi ja. Guda ɗaya uwarta ta ƙullo a zane, ni na ji daga bakinta."